Tafintar Dare

Ƙarfe biyu saura, Bompai ta yi tsit,
janareto kaɗai ke tari a bayan ofis.
Shayina ya huce tun ɗazu.
Sai ga saƙo daga ƙasar da yanzu rana ke faɗuwa,
daga wata ma'aikaciya da ban taɓa ganin fuskarta ba,
sunanta ma sai na lanƙwasa harshe:
"Mun kama mutumin, mun buɗe kwamfutarsa.
Akwai hira da harshenku a ciki.
Ki karanta mana."

Na karanta.
Hausarsa ta inji ce, lami, ba gishiri,
yana kiran kansa Kawu,
yana alkawarin kati da sabuwar waya,
yana cewa kada Umma ta ji.
Tata Hausar kuwa ta cikin gari ce,
ta 'yar da ba ta gama firamare ba,
mai rubuta "toh" sau uku idan tsoro ya kama ta.

Sauran ba zan faɗa a waƙa ba.
Na fassara shi da yatsu masu rawa,
na fita na yi alwala, na dawo.

Kakanninmu sun gina ganuwa,
suka yi mata ƙofofi, kowace da sarkinta,
magariba ta yi a rufe, baƙo ya kwana waje.
Yau ɓarawo ba ya bi ta Na'isa ko Ɗan'agundi.
Ta gilashin da bai fi tafin hannu ba yake shiga,
har ƙuryar ɗaki, har ƙarƙashin gidan sauro,
ƙofa a kulle, uwa na barci kusa da ita.

Su suna da mutumin, ba su da yarinyar.
Kamfanin da ke riƙe da lambar yana wata ƙasa ta uku,
ya ce sai ya ga hatimin alƙali.
Takarda ta tafi Abuja, ta kwana goma sha tara a tebur,
alhali saƙon mugu
ƙiftawar ido yake ya haye teku.
Na yi fushi, na kira, na sake kira,
har sakatare ya haddace muryata.

Amma akwai saƙon murya guda, na daƙiƙa tara.
Injinansu sun saurara, suka ce hayaniya ce.
Ni na sa a kunne na rufe ido:
dum, dum-dum, dum,
masu bugun shadda ne a bayan muryarta,
sai ladan mai ɗan kaushin maƙogwaro
da na sani tun ina zuwa wurin gwaggona Tasalla.
Na rubuta musu: "Wannan ba hayaniya ba ce,
unguwa ce."

Ranar da hatimi ya iso muka tafi,
ni da Barira ta ofishin walwala,
ba kaki, ba jiniya,
a-daidaita-sahu muka hau kamar masu zuwa barka.
Uwar tana tankaɗe, gari har gira.
Ta ce, "Wayata ce, don aikin makaranta na ba ta,"
sai rariya ta kuɓuce daga hannunta.

Yarinyar ta laɓe bayan labule.
Barira ta durƙusa daidai tsayinta:
"Ba ke kika yi laifi ba.
Kin ji? Ba ke ba ce."
Sau huɗu ta faɗa kafin labulen ya motsa.

Sunanta ba zai fita daga bakina ba.
A fayil lamba ce, a gida 'yar Umma ce,
haka nake so ta zauna.

Da daddare na aika kalma biyu: "An samu."
Can suna karin kumallo, ko abincin rana, oho.
Ta amso da nata harshen, na gane ba sai an fassara ba.
Ƙasan saƙon kuma
ga wani fayil, sabo.

Na ɗora ruwan shayi.